Gishiri da Kambin Ganye: Asalin Faifan Naman da Ake Jerawa a Ƙarshen Shekara



A ƙarshen watan Disambar bara, tsakanin Magariba da Isha'i, muna zaune a zauren dattijon da muke yi wa hidimar rubutu a nan Yawunde, sai wata yarinya ta yi sallama ɗauke da faifan katako an lulluɓe shi da farin ƙyalle. 'Yar maƙwabcinmu ce, wani bawan Allah Kirista da muka haura shekara ashirin katanga ɗaya ce ta raba mu. Duk Sallar Layya ana kai masa cinyar rago, shi kuma duk Kirsimeti ba ya fasa aiko da abin da ya sawwaƙa. Da aka yaye ƙyallen sai kowa ya tsaya kallo. An naɗa ɗanyen ganye mai ƙamshi a da'ira kamar gammo, an jera masa yankakken nama fale-fale an ninninke shi kamar fure, ga cuku, ga zaitun, ga inabi da gyaɗa, tsakiyar kuwa an bar ta fayau. Wani jikan gidan ya miƙa hannu, dattijo ya riƙe shi cikin taushi, ya dubi yarinyar ya ce, "'Yata, naman mene ne wannan?"

Ba ta sani ba. A waya ta ga hoton abin, ta je kanti ta sayo duk abin da ya yi kama da na hoton. Da mahaifinta ya zo da kansa da ledar naman aka karanta rubutun jikinta, sai ga sunan alade ɓaro-ɓaro. Kunya ta rufe mutumin har ya rasa inda zai sa kansa. Dattijo ya kama hannunsa ya ce, "Maƙwabci, niyyarka ta iso, mun kuma karɓa. Faifan ne kawai zai koma." Aka ba yarinyar tukuici kamar yadda aka saba. Washegari sai ga sabon faifai, an jera shi da kilishin unguwar Birikiteri da dabino. Bayan an watse, dattijo ya dube mu ya ce, "Malam, a binciko mana asalin wannan abu a rubuta, don na ji yaranmu ma sun fara kwaikwayonsa a walima."

Abin da muka gano shi ne tarihi biyu ne suka haɗu a kan faifan nan: tarihin naman da aka adana da gishiri, da tarihin kambin ganye. Na farko tsoron yunwa ne ya haife shi, na biyu kuwa daga filayen wasa da wuraren ibada ya fito. Sun yi fiye da shekara dubu biyu kowanne na bin hanyarsa, ba su zauna a faifai ɗaya ba sai a wannan zamani na hotunan waya.

NAMA DA GISHIRI

Hunturun Turai ba irin namu ba ne. Daga Nuwamba zuwa Maris ƙasa na daskarewa, ciyawa ta mutu, dabba ba ta da abin ci sai wanda aka tanada mata. Manomin da can ba shi da harawar da za ta riƙe dukan dabbobinsa har ciyawa ta sake tsirowa, saboda haka yakan ware na iri ya ajiye, ya yanka saura. Alade shi ne dabbar talakansu, domin kiwonsa ba ya cin kuɗi: da kaka a kora shi daji ya ƙoshi da 'ya'yan itacen nan da Larabawa ke kira balluɗ, ya tara kitse. Kalandun da masu zanen Turai suka bari daga ƙarni na 13 zuwa na 15 sukan nuna watan Nuwamba da hoton makiyayi yana kaɗo wa aladu 'ya'yan itace, Disamba kuma da hoton yanka. A Ingila, ranar 11 ga Nuwamba, wadda suke tunawa da waliyyinsu Martin a cikinta, ita ce aka sani da buɗe lokacin yanka.

To, dabba a yini ɗaya take faɗuwa, iyali kuwa suna so ta kai su wata huɗu ko biyar, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. A nan gishiri ya shigo. Gishiri yana zuƙe ruwan da ke cikin tsoka, ƙwayoyin da ke ruɓar da nama kuwa ba sa yaɗuwa sai da ruwa. Iska mai sanyi ta ƙarasa busarwa, hayaƙi ya rufe bayan naman ya kori ƙuda. Kowane sashe na dabbar da makomarsa. Cinya a binne ta a gishiri sukutum. Guntaye a daddatse su, a cuɗa da gishiri da kayan yaji, a ɗura cikin hanji a rataye. Jini da kayan ciki a ci su a kwanakin farko domin ba sa jira. Kitse a narkar da shi a rufe dafaffen nama a tukunya don kada iska ta taɓa shi.

Wannan dabara ta girmi addinin Kirista. Wani dattijon Rum mai suna Kato, wanda ya rubuta littafin noma wajen shekara 160 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, ya bayyana aikin daki-daki. A zuba gishiri a gindin randa, a jera cinyoyi da gishiri a tsakaninsu yadda ba za su taɓa juna ba. Bayan kwana 5 a juya, na sama su koma ƙasa. In an cika kwana 12 a fito da su a kakkaɓe, a rataye a iska kwana 2, a shafa musu mai, a ba su hayaƙi kwana 2, sannan a sake shafe su da mai da ruwan khal a rataye a rumbu. Shi kuma Istarabo, masanin ƙasa Bagirike, ya ambaci cewa daga ƙasar Gol, wato Faransa ta yau, ake kai wa birnin Rum mafi kyawun naman gishiri.

Da yake rayuwar hunturu ta rataya a kan gishiri, sai sarakuna suka sa masa ido. Tun ƙarni na 14 sarakunan Faransa suka ɗora masa harajin da suke kira gabel, har a wasu larduna ana tilasta wa kowane gida sayen wani adadi a shekara daga rumbun sarki, ko yana so ko ba ya so. Talakawa sun tsani harajin nan ƙwarai, aka soke shi a 1790 bayan juyin juya hali. Mu da kakanninmu suka san ayarin raƙuman Bilma da Fachi da darajar kantun gishiri a kasuwannin ƙasar Hausa, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Sunan salami ma, ɗuren hanjin nan na Italiya da ake yankawa zagaye-zagaye, daga kalmar gishiri ta harshensu ya samo asali.

MAHAUTA DA MASU DAFAFFEN NAMA

Kalmar da muke gani a allunan kantuna a Yawunde da Duwala, wato charcuterie, wadda muke furtawa sharkutiri, haɗin kalmomin tsohon Faransanci biyu ce: ɗaya na nufin tsoka, ɗayar na nufin dafaffe. Da farko sunan sana'a ce da shagon mai sana'ar. A 1475 hukumar birnin Paris ta ba masu wannan sana'a ƙa'idojin ƙungiyarsu, ta raba su da mahauta. An yarda musu su dafa, su sa gishiri, su ɗura hanji su sayar, amma ɗanyen naman dole daga hannun mahauta za su saya. Wannan sharaɗi ya matse su, suka yi ta kai kuka, har a 1513 Sarki Luwis na 12 ya ba su izinin sayen aladunsu da kansu. Akwai kuma ma'aikata na musamman a kasuwa da aikinsu shi ne buɗe bakin alade su duba ƙarƙashin harshensa, don gano ƙwayayen tsutsar da ke shiga jikin mutum ta hanyar namansa.

Wanda ya san tsarin fawa a garuruwanmu, inda Sarkin Fawa ke kan mahauta, mai tsire ya san iyakarsa, mai kilishi ya san tasa, zai gane wannan rabon aiki da sauƙi. Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne tun daga tushe sana'ar sharkutiri a Faransa a kan alade aka gina ta. Idan aka rubuta kalmar a allon kanti ba tare da wani ƙarin bayani ba, to wannan ita ce ma'anarta ta asali.

Yadda naman ya haɗu da biki kuwa, azuminsu ne sila. Kiristocin Turai na da can suna ƙaurace wa nama kwana 40 kafin bikin Ista, suna kuma yin wani kamun kai a makonnin da ke gaban Kirsimeti. Saboda haka ranar buɗe baki ita ce ranar sauko da abin da aka rataye a rumbu. A Paris, a da can, an daɗe ana cin kasuwar cinyoyin gishiri a harabar cocin Notre-Dame a makon da ke gaban Ista. A daren Kirsimeti kuma, bayan an dawo daga addu'ar tsakar dare, iyali kan zauna cin liyafar da Faransawa ke kira rebeyon, kalmar da duk mazaunin Kamaru ya san ta. Yankan Disamba da bikin Disamba sun faɗo wata ɗaya, sai ɗaya ya zama abincin ɗaya.

DAGA LARURA ZUWA MARMARI

Naman gishiri bai rasa haɗarinsa ba. A yankin Wurtembag na kudancin Jamus, a farkon ƙarni na 19, mutane sun yi ta mutuwa bayan cin ɗuren hanji: ido ya dushe, haɗiya ta gagara, numfashi ya tsaya. Wani likita mai suna Justinus Kerner ya bi diddigin cutar ya rubuta bayaninta tsakanin 1817 da 1822. A 1895, a ƙauyen Ellezelles na Beljiyam, wasu makaɗa suka ci cinyar gishiri bayan wata jana'iza, da yawa suka kwanta, uku suka rasu. Daga ragowar naman nan masani Emile van Ermengem ya gano ƙwayar cutar. Sunan da likitoci ke kiran cutar da shi har yau, botulizim, daga kalmar Latin ta ɗuren hanji aka ciro shi. Wannan ƙwaya tana bunƙasa ne a inda iska ba ta shiga, kamar tsakiyar ɗuri mai kauri. Masu sana'ar sun daɗe suna ƙara gishirin albarushi a cikin haɗinsu, daga baya masana suka gane cewa sinadarin da ke fita daga gare shi ne ke hana ƙwayar tsiro, shi ne kuma ke ba naman jan launin nan da ke ɗaukar ido.

Sai zamani ya zo da abin da ya fi gishiri sauƙi. A 1810 Nicolas Appert ya wallafa hanyarsa ta adana abinci a rufaffen kwalba da aka dafa. A 1876 injiniya Charles Tellier ya tura jirgin ruwa mai ɗakin sanyi ɗauke da nama daga Faransa zuwa Ajantina. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu firji ya shiga gidajen talakawan Turai da Amurka. Larurar da ta haifi naman gishiri ta gushe, amma harshe ya riga ya saba da ɗanɗanon. Abincin da manomi ke ci don babu wani ya koma kayan marmari mai tsada, har cinyar garin Parma ta Italiya da ta Bayon ta Faransa suka samu hatimin hukuma mai hana wani gari amfani da sunansu.

Shi ma faifan katakon daga gona ya fito. Manoman kudancin Jamus da Ostiriya kan ci burodi da cuku da yankan nama a kan ɗan allo a tsakiyar aiki, don allo ba ya fashewa kuma a kansa ake yanka. Italiyawa na buɗe liyafa da farantin yankan nama da zaitun kafin a kawo babban abinci. Mutanen Suwidin kuma suna da teburin Kirsimeti da ake cika shi da kifi da nama masu sanyi kowa ya ɗiba da kansa. Duk waɗannan sun ba da gudummawarsu ga abin da yarinyar nan ta gani a waya.

KAMBIN GANYE

Yanzu mu koma ga ɗaya hanyar. Girkawan da can ba su ba zakaran wasa zinariya a filin gasa ba, kambin ganye suke ɗora masa a ka. A wasannin Olimpiya, waɗanda ake lissafin farawarsu daga shekara 776 kafin haihuwar Annabi Isa, reshen zaitun ake naɗawa. A wasannin Delfi kuwa ganyen loriye ne, wannan dai da matanmu ke jefawa a tukunyar shinkafa, domin sun keɓe shi ga abin bautarsu Afolo. Rumawa suka gaji al'adar: sarkin yaƙin da ya ci nasara ya shiga birni da kambin loriye, a lokutan biki kuma a ƙawata ƙofofi da ɗanyen ganye.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne Kiristocin farko ba su yi maraba da kambin ba. A birnin Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, wani malaminsu mai suna Tartuliyan ya rubuta littafi guda a kan batun wajen shekara ta 211. Dalilin rubutun shi ne wani soja Kirista da ya ƙi ɗora kambin loriye a kansa ranar rabon kyautar sarki, aka kama shi. Tartuliyan ya goyi bayan sojan, yana ganin kambi al'adar masu bautar gumaka ce. Wato tambayar da ke gabanmu yau, ta abin da ya halatta a ara daga maƙwabta da abin da bai halatta ba, su ma sun yi ta a kan wannan ganye ɗin.

Da ƙarnuka suka shuɗe sai ma'anar ta sauya a hannunsu. A arewacin Turai, inda hunturu ke kaɗe ganyen kusan kowace bishiya, akwai wasu itatuwa da ke zama kore shar a tsakiyar ƙanƙara. Sai suka ɗauki wannan kore a matsayin alamar rayuwar da ba ta yankewa, da'irar da ba ta da farko ba ta da ƙarshe kuma alamar dawwama, jajayen 'ya'yan itacen da ake maƙalawa su fassara su bisa aƙidarsu.

Kambin da ake ajiyewa a kan tebur yana da tarihi sananne. A birnin Hambag na Jamus, garin da 'yan kasuwarsa suka ƙulla yarjejeniya da sarakunan Duwala a 1884, wani malamin coci mai suna Johann Hinrich Wichern ya buɗe gidan renon yara marasa galihu a 1833. Da Disamba ta kama yaran kan dame shi da tambayar saura kwana nawa biki. A 1839 ya ɗauko ƙafar keken doki ta katako, ya kafa mata kyandirori, manya huɗu farare na ranakun Lahadi, ƙanana jajaye na sauran ranaku, kullum a kunna ɗaya. Yaro ya ƙirga waɗanda ba a kunna ba ya san amsarsa. Daga baya aka riƙa naɗe ƙafar keken da koren ganye, aka rage kyandirorin zuwa huɗu don ya shiga ɗakin talaka. Al'adar ta yaɗu a Jamus, ta tsallaka zuwa majami'un Katolika a ƙarni na 20, ta kai Amurka.

Abinci mai siffar zobe ma ba baƙo ba ne a wannan lokaci na shekara. A Sifen da Meziko da Fotugal da kudancin Faransa ana gasa burodi mai zaƙi a siffar kambi don ranar 6 ga Janairu, a ƙawata shi da busassun 'ya'yan itace, a ɓoye ƙwayar wake ko ɗan mutum-mutumi a ciki. A Denmak da Nowe kuma akwai kek na zobba da ake ɗora su bisa juna kamar hasumiya. Idon Bature ya riga ya saba ganin zobe a teburin biki.

INDA HANYOYIN SUKA GAMU

A Amurka aka ɗaura auren. A 2005 Michael Ruhlman da Brian Polcyn suka wallafa littafi a kan sana'ar sharkutiri wanda ya farfaɗo da sha'awarta a wurin masu dafa abinci na can. Gidajen abinci suka fara kawo yankan nama a kan katako. A 2010 aka buɗe Instagram da Pinterest, dandalin da abinci ke samun daraja da kyan hotonsa kafin a ɗanɗana shi. A bakin Amurkawa kalmar ta faɗaɗa, ta tashi daga sunan sana'ar alade ta koma sunan duk wani katako da aka jera wa kayan ciye-ciye, ko da babu nama a kai. Wajen shekara ta 2020, lokacin da annobar korona ta tsare mutane a gida, hotunan irin waɗannan faifai suka cika waya, masu yi kuma suka riƙa ba su siffar kowane biki. Na Kirsimeti ya ɗauki siffar kambi.

Yadda suke haɗa shi ba wuya. A samo faifan katako mai da'ira, a kifa kwano a tsakiya don ya tsare gurbin. A zagaye kwanon da rassan rozmari, ganyen nan mai ƙamshi da ke kama da allurai, duk kawunansu su fuskanci gefe ɗaya kamar ana naɗa gammo. A fara ajiye manyan abubuwa, wato cuku iri biyu ko uku, a wurare uku ko biyar da tazara daidai. A ninke yankan nama biyu ko huɗu a cusa a tsakaninsu don ya tashi tsaye. A cike gurabe da zaitun da inabi da gyaɗa, a yayyafa jajayen 'ya'yan rumman don su fito a kan koren. A ƙarshe a ɗauke kwanon, wasu su ɗaura jan ƙyalle a gindi. Burodi da biskit a kawo su a wani faranti dabam don kada su jiƙe. Da ka dube shi daga sama, yadda mai ɗaukar hoto ke yi, kambin ƙofar Kirsimeti ne sak.

MU KUMA FA?

Adana nama ba ilimin Turawa kaɗai ba ne. Larabawa sun san ƙadid, wato naman da aka yanyana aka shanya, ambatonsa kuma ya zo a hadisai. Malamai da yawa sun ce kwanaki ukun da ke bin ranar Layya, 11 da 12 da 13 ga Zulhajji, an kira su Ayyamut Tashriƙ ne saboda a cikinsu ake shanya naman hadaya a rana. Turkawa suna da basturma da sujuk na naman sa, mutanen Magrib suna da margez na rago da sa. A Turai kanta, biresawola ta arewacin Italiya da sesina ta lardin Leyon a Sifen da busasshen naman yankin Girizon na Suwizalan duk na sa ne.

Mu kuma muna da kilishi, wanda rana ke yi masa aikin da sanyi ke yi wa nasu. A zaɓi tsoka marar kitse, a yanyana ta fale-fale kamar takarda, a shanya a gadon kara. In ta bushe a tsoma ta a labu, haɗin tunkuzar gyaɗa da citta da kanumfari da masoro da barkono da albasa da gishiri, a sake shanyawa, sannan a nuna mata garwashi sama-sama. Fatake sun yi tafiyar watanni da shi a jaka. Ga dambun nama, ga soyen naman Layya da iyayenmu mata ke rufewa da kitse ya kai Muharram, ga cukun Abzinawa, ga dabino da aya da yazawa. Faifai kuwa tun asali mai da'ira ne a gidan Bahaushe. Wanda ke son ƙawata wa baƙonsa abin taɓawa bai rasa kayan yi ba.

Saboda haka ga abin da muka fahimta, muna kuma barin hukunci ga malamanmu. Na farko, matambayi ba ya ɓata. Haramcin naman alade ya zo a surori huɗu, Baƙara da Ma'ida da An'am da Nahli, ba abin wasa ba ne. Mai sayen yankan nama a kanti ya karanta jikin leda. Kalmomin porc da jambon da lardons da saucisson da rillettes da chorizo da salami, in ba a bayyana wata dabba ba, alade suke nufi a mafi yawan lokuta. Ko an rubuta naman sa ko na talotalo, a duba ko an haɗa da kitsen alade, ko a hanjinsa aka ɗura, ko an zuba giya a haɗin. A kuma tuna cewa wuƙa ɗaya da injin yanka ɗaya ne ke aiki a yawancin irin waɗannan kantuna.

Na biyu, lafiya. Wannan abinci na ƙasar sanyi ne. Ƙa'idar da hukumomin lafiyar abinci na Amurka ke bayarwa ita ce kada yankan nama da cuku su wuce awa 2 a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuwa awa 1. Walimarmu takan fara bayan La'asar ta kai dare. A 2015 kuma cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya naman da aka sarrafa da gishiri da hayaƙi cikin abubuwan da yawan cinsu ke jawo kansar hanji. Abin marmari ne, a ci shi a matsayin marmari.

Na uku, siffa. Da'ira ba mallakar kowa ba ce. Amma koren kambi da jan ƙyalle a watan Disamba alama ce mai ma'ana a wurin masu ita, kamar yadda tarihin Wichern ya nuna, kuma suna girmama ta. Yaronmu da ya jera shi a walimar saukar Alƙur'ani don kawai ya gani a waya bai san abin da ya ara ba, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Ya jera kilishinsa da dabinonsa a faifan gidansu yadda ya ga ya yi kyau, ba wanda zai ce masa don me.

Na huɗu shi ne wanda dattijo ya fi jaddadawa. Mu 'yan tsiraru ne a garin nan, kakanninmu fatauci ya kawo su, kyakkyawar mu'amala ta zaunar da su. Haƙƙin maƙwabci yana kanmu ko addininmu ɗaya ko ba ɗaya ba. Da a daren nan an daka wa yarinyar tsawa, ko an tura faifan da ƙafa, da zumuncin shekara ashirin ya tsinke a kan kuskuren da ba da gangan aka yi shi ba. Da kuma an yi shiru don kunya an bar yara sun ci, da an ci amanar gida. Tambaya ɗaya cikin ladabi ta tsare duka biyun. Bana tun watan bai kama ba maƙwabcin ya aiko yana tambayar wane mai kilishi muka fi amincewa da shi, muka kuwa haɗa shi da namu.

Wannan shi ne abin da ya sawwaƙa daga binciken da aka sa mu. Inda muka yi daidai daga Allah ne, inda muka kuskure masana su gyara mana. Allah Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, Ya tsare mana abin da muke ci da wanda muke ciyar da iyalanmu.